Tambayoyinku: Amurka, Sin da Rasha, wa ke son baƙar fata tsakani da Allah?

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan abu guda suka zo: manyan ƙasashe da gorin da suke yi wa juna a kan baƙar fata. Na zaɓi huɗu, na rage wa wasu tsawo. Bawan Allah da ya aiko tambaya kan ciwon gwiwa ya yi haƙuri, na miƙa wa likitanmu na shafi na gaba, don ni ma tawa gwiwar ban gama da ita ba.

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekara 11 ke nan ina zuwa birnin Gwanzu na Chana sarin atamfa da leshi. Kullum muna musu a shago da ƙanena da ya yi karatu a Amurka. Shi ya ce 'yan Chana ba su ɗauki baƙar fata a bakin komai ba, yana tuna min abin da aka yi lokacin korona. Ni kuma na ce ai a Amurka ne ɗan sanda ke danne wuyan mutum har ya mutu, a Chana ban taɓa ganin an harbe kowa ba. Har ta kai mun daina cin abinci kwano ɗaya. Baba, raba mana gardama.
Wani Alhaji, Kantin Kwari, Kano

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ku koma kwano ɗaya, babu maƙaryaci a cikinku. Abin da ya hana musun ƙarewa shi ne kai daga bakin Sin ka ji laifin Amurka, shi kuma daga bakin Amurka ya ji laifin Sin, kuma kowacce a cikinsu ta iya ba da labarin 'yar'uwarta daki-daki.

Dubi abin da ya faru cikin wata biyu kacal a 2020. Farkon Afrilu hukumomin Gwanzu suka ce an samu wasu 'yan Najeriya biyar da korona. Kafin ka ce kwabo masu gidajen haya da otal-otal sun shiga fitar da baƙaƙe, mai takarda da marar takarda, wanda ya sauka jiya da wanda ya shekara bai leƙa filin jirgi ba. Ka ga hotunan, wataƙila ma ka gane wasu fuskokin: mutane da akwatunansu suna kwana a bakin titi da ƙarƙashin gada. Wani reshen McDonald's ya kafa takarda cewa ba a yarda baƙar fata ya shiga ba, daga baya kamfanin ya ba da haƙuri. Jakadun Afirka a Beijin suka rubuta takardar koke ta haɗin gwiwa, abin da ba kasafai mutum ke yi wa wanda ke bin sa bashi ba. A Abuja, Femi Gbajabiamila, lokacin yana kakakin majalisar wakilai, ya zaunar da jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya kunna masa bidiyo a gaban kyamara. Ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Gwanzu kuwa bai yi wata-wata ba, ya fitar da sanarwa yana gargaɗin Amurkawa baƙaƙe su ƙaurace wa garin.

Ba a cika mako bakwai ba, ranar 25 ga Mayu, ɗan sanda Derek Chauvin ya durƙusa a wuyan George Floyd a birnin Minneapolis fiye da minti tara har rai ya yi halinsa. Bayan kwana biyar, mai magana da yawun ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta yi rubutu tana sukar Sin kan Hong Kong. Takwararta ta Sin, Hua Chunying, ta mayar mata da kalma uku na Turanci, waɗanda Floyd ya riƙa maimaitawa a ƙasa: ba na iya numfashi. A Twitter ta rubuta, dandalin da gwamnatinta ta toshe wa 'yan ƙasarta. Ka ga ke nan ba don mutanen Gwanzu aka rubuta ba, don ni da kai ne.

Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san wannan. Idan uwargida ta tsaya a tsakar gida tana cewa a dubi ɗan riƙon da ke ɗakin amarya, kwana uku ba a yi masa wanka ba, maganarta gaskiya ce, yaron da datti. Amma ba sabulu ta ɗauko ba, maigida take so ya ji.

Wasan ya girme ka, ni ma ina goye aka fara shi. A Oktoban 1957, wata bakwai da samun 'yancin Ghana, ministan kuɗinta Komla Gbedemah ya tsaya a wani gidan abinci na Howard Johnson's a garin Dover na jihar Delaware, ya nemi ruwan lemo. Aka ce masa baƙi ba sa zama su sha a ciki. Labari ya zaga duniya, shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a wanke abin kunyar. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa miƙa wa Kennedy takardun kama aiki, aka hana shi abin sha a wani gidan abinci da ke kan babbar hanya mai lamba 40 a jihar Maryland. Duk irin wannan labari, washegari yana jaridun Mosko da hotuna, ana kuma karanta wa 'yan Afirka shi a rediyo.

Ga abin da ƙanenka zai so ya ji, kai ma ya kamata ka ji. Gorin ya yi aiki. Tun a 1952, a shari'ar raba makarantun farare da baƙaƙe, ma'aikatar shari'ar Amurka ta rubuta wa kotun ƙoli cewa wariyar launin fata tana ba 'yan gurguzu abin farfaganda, tana kuma sa ƙawayen Amurka shakkar ta. A 1954 kotu ta haramta rabon. A 1963 sakataren harkokin waje Dean Rusk ya je gaban majalisa yana neman a zartar da dokar 'yancin farar hula, hujjarsa ita ce mutuncin ƙasar a idon duniya, aka kuma zartar a 1964. Ban ce Mosko ce ta 'yanta baƙaƙen Amurka ba. Su suka sha kulki da cizon karnuka da ɗauri, su Martin Luther King da dubban da ba mu san sunansu ba. Amma sun san akwai maƙwabci mai leƙe ta katanga, sun kuma yi amfani da shi.

Shi mai leƙen fa? A Disambar 1963 aka tsinci gawar wani ɗalibin likitanci ɗan Ghana, Edmund Assare-Addo, a gefen Mosko. Hukuma ta ce maye ya yi sanyi ya kashe shi. 'Yan'uwansa ɗalibai suka ce kashe shi aka yi saboda yana neman wata 'yar Rasha. Ɗaliban Afirka wajen 500 suka fito Jan Dandali, inda ba a saba ganin zanga-zangar da gwamnati ba ta shirya ba, ɗaya daga cikin kwalayensu an rubuta cewa Mosko ta zama Alabama ta biyu, wato jihar Amurka da ta yi ƙaurin suna wajen wariya. Sin ma haka. A Agustan 1963 Mao ya fitar da sanarwa ta musamman yana goyon bayan baƙaƙen Amurka. A Disambar 1988, faɗa a ƙofar wata jami'a a Nanjing ya rikiɗe, dubban ɗaliban Sin suka kwana da kwanaki a titi suna neman a hukunta ɗaliban Afirka, su kuma suka gudu tashar jirgin ƙasa.

In ka matsa sai na faɗi bambancinsu, ga nawa ganin. A Amurka wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauki kisan Floyd da wayarta ta saka a Facebook, ƙasa ta ɗauki wuta, aka gurfanar da Chauvin, ya samu ɗaurin shekara 22 da rabi. A Gwanzu gwamnati cewa ta yi ba ta nuna wa kowa bambanci, magana ta mutu a nan, babu inda za ka kai ƙara. A ɗaya hannun, kai ma da gaskiyarka: harsashin ɗan sanda ba shi ne fargabar baƙo a Sin ba, kuma bizar da kake samu ka je ka saro kaya, in ta Amurka ce da wuya a ba ka. Ka ci gaba da kasuwarka, ka kula da ranar ƙarewar bizarka. Maganar Musulmin Uigur na lardin Shinjan kuwa, wadda Najeriya da Saudiyya suna cikin ƙasashe 37 da suka sa hannu a takardar wanke Sin a kanta a 2019, ku yi ta a shago, kar ka ɗaga ta a can.

Baba, ina yini. Na lura duk lokacin da ka taɓo Rasha sai ka yi mata shaguɓe, har ƙawayena suna cewa Faransa kake yi wa aiki. Rasha ba ta taɓa yi wa Afirka mulkin mallaka ba, ba ta sayi bayi ba. Ka kuma ga yadda 'yan Yukren da Turai suka wulaƙanta ɗalibanmu a kan iyaka. Mene ne laifinmu in mun ɗaga tutar wanda bai taɓa cutar mu ba?
Ɗalibar jami'a, Damagaram

Lafiya lau, 'yata. Ki gaya wa ƙawayenki in Faransa na biyana, to ta daɗe ba ta aiko ba. Ba ni zan koya wa 'yar Nijar abin da Faransa ta yi ba. Ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa a 1899 yana ƙona garuruwa, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa, Sarauniya Mangu ta tare shi a Lugu. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana haska biranen Faransa da shi, alhali har zuwa 2023 yawancin wutar da Yamai ke sha daga Najeriya ake jawo ta. Fushin da ya fito da jama'a titi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba daga Mosko aka shigo da shi ba, a gida ya tsiro.

Maganar kan iyaka ma haka take. Da yaƙi ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairun 2022, an sauke ɗaliban Afirka da na Indiya daga jiragen ƙasa da motoci, an tura su bayan layi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Ranar 28 ga watan, Macky Sall da Moussa Faki Mahamat suka fitar da sanarwa da sunan Tarayyar Afirka suna kiran abin wariya. Wani tsohon mataimakin babban mai gabatar da ƙara na Yukren ya faɗa a BBC cewa abin da ke sosa masa rai shi ne ganin ana kashe Turawa masu shuɗin ido da farin gashi. Cikin kwanaki Tarayyar Turai ta zaro wata dokar ba da mafaka da ta ajiye tun 2001, wadda ba ta taɓa amfani da ita ba, ko don 'yan Siriya, balle waɗanda ke nutsewa a Bahar Rum. Duk na gani, ya kuma ci min rai.

Inda muka rabu shi ne cewa Rasha ba ta yi mulkin mallaka ba. Tana da kujera a taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda aka shimfiɗa ƙa'idar rabon Afirka. A 1889 wani Barashe, Nikolai Ashinov, ya sauka da ayarinsa a Sagallo, gaɓar Jibuti ta yau, ya kafa tuta, sai jiragen ruwan Faransa suka kore su da igwa. Ba ƙi ta yi ba, riga ta aka yi. Nata mulkin mallakar ta ƙasa ta yi shi, a kan maƙwabtanta, kuma da yawansu Musulmi ne. Ki nemi tarihin Imam Shamil, shehin Naƙshabandiyya da ya yi shekara 25 yana yaƙar sojan sarkin Rasha a duwatsun Dagestan da Checheniya har aka ci shi a 1859. A Madina ya rasu, a Baƙi'a kabarinsa yake. A Fabrairun 1944 Stalin ya kwashe al'ummar Checheniya kakaf a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, bayan wata uku ya yi wa Tatar na Kirimiya haka. In kin ce musu Rasha ba ta taɓa cutar kowa ba, kallon da za su yi miki shi ne wanda za ki yi wa baƙon da ya ce Faransa wayewa ta kawo Ƙonni.

Alherin Tarayyar Sobiyet ba na musun sa. Ta ba ANC ta Afirka ta Kudu da masu yaƙin 'yancin Angola da Mozambik makamai da horo lokacin da Amurka da Ingila ke sasantawa da gwamnatin wariya, ta kuma karantar da dubban likitoci da injiniyoyinmu kyauta. Sai dai Yukren tana cikin wannan tarayya a lokacin, kuma a Odesa aka horar da wasu daga cikin mayaƙan ANC na farko. Gado na ƙasashe goma sha biyar da suka haɗa tarayyar ne, ɗaya ya tattare takardun yana karɓar godiya shi kaɗai.

Sannan ki dubi na yau. A Maris ɗin 2022, a garin Moura na tsakiyar Mali, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali da wasu fararen fata masu makamai sun kashe aƙalla mutum 500 cikin kwana biyar, ranar kasuwa aka fara. Gwamnatin Mali ta ƙaryata, amma kowa ya san fararen da ke tare da sojanta a lokacin 'yan Wagner ne, sojan haya na Rasha. A Maris ɗin 2020 kuma an bankaɗo wani gida a gefen Accra, da wani reshe a Legas, inda aka ɗauki matasa aiki suna ta rubutu a Facebook da Twitter kan zaluncin da ake yi wa baƙaƙen Amurka, don a ƙara hura wuta gabanin zaɓen can. Kamfanonin biyu suka rufe shafukan, suka ce zaren yana komawa ga mutanen da ke da alaƙa da masana'antar farfagandar Yevgeny Prigozhin, mai Wagner ɗin a lokacin. Yawancin abin da yaran suka rubuta gaskiya ne. Hayar ciwonmu aka yi.

Ga abin dariya mai kama da kuka. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, tutar Rasha ta bayyana a Kano da Kaduna, aka kama teloli. Aka kuma kama Turawa bakwai a Kano bisa zargin alaƙa da tutar. Ashe 'yan Poland ne, ɗalibai shida da malama guda daga Jami'ar Warsaw, sun zo Jami'ar Bayero ƙaro Hausa. Duk Turai da wuya ki samu ƙasar da ta kai Poland ƙin jinin Rasha. Sai da suka yi wajen mako uku a hannu kafin a sake su. An ga farar fata kusa da tuta, aka ce biri ya yi kama da mutum.

Ranka ya daɗe, ɗalibaina sun tambaye ni ko gaskiya ne ana yi wa Turawan Afirka ta Kudu kisan ƙare dangi har Amurka ta ba su mafaka. Na rasa abin da zan ce musu.
Malamin sakandare, Zariya

Malam, ka ce musu ana kashe manoma farare a Afirka ta Kudu, wani lokacin kisan rashin imani, amma ba kisan ƙare dangi ba ne. Ƙasa ce da aka kashe mutum sama da 25,000 a 2024 kaɗai, mafi yawansu baƙaƙe matalauta a unguwannin bayan gari. Waɗanda ake kashewa a gonaki gommai ne, kuma a cikinsu har da ma'aikatan gona baƙaƙe.

Tushen rigimar ƙasa ce. Dokar 1913 ta keɓe wa baƙaƙe kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, a 1936 aka ɗaga zuwa kashi 13. Binciken gwamnati na 2017 ya nuna farare, waɗanda ba su kai kashi 8 na jama'a ba, su ke riƙe da kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane. A Janairun 2025 shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnati damar karɓar fili, a wasu 'yan yanayi ba tare da diyya ba, kamar filin da aka yi watsi da shi. Ranar 7 ga Fabrairu Trump ya dakatar da tallafi ga ƙasar, ya buɗe wa Turawan Afrikana ƙofar mafaka, alhali ranar da ya hau mulki ya rufe ta ga kowa, har da 'yan Kongo da 'yan Sudan da aka riga aka tantance. Ranar 12 ga Mayu rukunin farko, mutum 59, suka sauka, mataimakin sakataren harkokin waje da kansa ya tarye su.

Ranar 21 ga Mayu aka yi abin da ɗalibanka suka gani a waya. Trump ya sa aka rage fitila a ofishinsa, aka kunna wa Ramaphosa bidiyon Julius Malema yana rera waƙar zamanin gwagwarmaya mai kiran a harbe manomi Bature. Ni ban ga kyan waƙar ba, amma Malema ɗan adawa ne, tun 2012 ANC ta kore shi. Fararen gicciye da aka nuna a bakin hanya aka ce kaburbura ne, alamun tunawa ne da aka kafa na ɗan lokaci a 2020. Ɗaya daga cikin hotunan da Trump ya ɗaga kuwa a Goma ta Kongo aka ɗauke shi. Ministan noman Ramaphosa a lokacin, John Steenhuisen, Bature ne, yana zaune a ɗakin, ya kuma ce yawancin manoma farare ba su da niyyar barin ƙasarsu.

Ka sa su karanta umarnin 7 ga Fabrairun da kansu, bai ɓoye komai ba. Bayan maganar gona, ya ambaci ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila kotun duniya kan Gaza a Disambar 2023, ya ambaci hulɗarta da Iran. Ƙara da zamanta a ƙungiyar ƙasashe ta BRICS tare da Rasha da Sin, ka ga inda gizo ke saƙa. Na san za su ce, to mu fa, da Amurka ta sa Najeriya a irin wannan layi kan zargin kisan Kiristoci? Wannan tana buƙatar shafinta daban, kuma akwai gawawwaki na gaske a coci da masallaci da bai kamata in tsallake su a layi biyu ba.

Malam, kullum Turawa, kullum Amurka. 'Yata ta yi aikatau shekara biyu a wata ƙasar Larabawa, ta dawo da tabo a baya da sunan da uwarɗakinta ke kiran ta, wai baiwa. Su ba ka ganin nasu ne, ko don suna sallah?
Wata uwa, Gusau

Hajiya, kin kama ni, kuma Allah Ya saka wa 'yarki. Dalilin da ba a cika jin wannan ba shi ne babu babbar ƙasar da za ta ci riba in ta faɗa.

Ranar 21 ga Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya, Kais Saied, ya ce shigowar baƙaƙe daga kudu da Sahara makirci ne na sauya jinin ƙasar, a raba ta da Larabci da Musulunci, kamar mu ba ma kallon gabas. Cikin kwanaki aka fara korar mutane daga haya da aiki, ana dukan su a titi, har Gini da Mali da Kwaddebuwa suka aika jirage kwasar 'yan ƙasarsu. A Yuli aka ɗebi ɗaruruwa daga Sfax aka zubar a hamadar kan iyakar Libiya, hoton wata uwa da 'yarta kwance a rairayi babu rai ya zaga duniya. A cikin wannan Yulin, ranar 16, shugabar hukumar Tarayyar Turai da firaministocin Italiya da Holan suka je Tunis suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ƙunshi yuro miliyan 105 na tare bakin haure. Ba ki ji Mosko ko Beijin sun yi wani gori mai ƙarfi ba, don kowa na son Tunis.

A El Geneina ta yankin Darfur na Sudan, a 2023, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000, yawanci 'yan ƙabilar Masalit, a hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, da mayaƙan Larabawa da ke tare da su. Waɗanda suka tsira zuwa Chadi sun ce irin sunan da aka kira 'yarki da shi ake kiran su kafin a harbe su. Ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ba RSF makamai, ita kuma tana musantawa. Ƙasa ce mai sansanin sojan Amurka, mai ajiyar kuɗin attajiran Rasha, mai ciniki da Sin. Wa zai taɓa ta? Dukkan ɓangarorin rikicin Darfur ɗin nan suna sallah, sun kuma san abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri da ya goranta wa wani mutum da uwarsa: kai mutum ne da ke da sauran jahiliyya.

'Yan'uwanmu Hausawan Sudan, waɗanda wasunsu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 kakanninsu suka zauna a Mai Wurno da kewaye, sun nemi a ba su sarautar gargajiya a jihar Blue Nile a 2022, aka ce su baƙi ne, ba su da ƙasa. Ɗaruruwa suka mutu tsakanin Yuli da Oktoba. Waɗanda suka yi faɗan da su fatarsu ɗaya da tasu.

Tunda kin ce in daina kallon nesa, bari in shigo gida. Watan jiya aka yi min jika, mace. Ranar suna mata sun cika ɗaki ana miƙa jaririya hannu zuwa hannu, sai wata ta ɗaga hular, ta duba saman kunnen, ta taɓe baki ta ce, kash, wannan baƙa za ta rikiɗe, ba ta ɗauko uwarta ba. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ta fi ni baƙi.